Doguwa ko Gajeriya? Tarihin Tsawon Bindiga daga Kusuri zuwa Filin Gasa

A wannan shafi muna kawo maka abin da aka tattauna a filinmu na tarihi, domin wanda bai samu saurare ba, ko wanda ya saurara yana son ya ajiye. Tun bayan wasannin Olamfik na Paris a 2024 masu sauraro daga Njamena da Kusuri da Maiduguri da Diffa suke aiko da tambaya iri ɗaya: a gasar harbi da ƙaramar bindiga, wace ce ta fi, mai tsawon da aka saba ko mai dogon kai? To, tambayar tsohuwa ce. Kakanninmu na bakin tafkin Chadi sun yi ta, sai dai su ba a kan lambar yabo suka yi ba, a kan rai ne da ƙasa. Bari mu faro daga can.

Yadda bindiga ta zo mana

Labari mafi ƙarfi da muke da shi a wannan yanki daga Borno yake. A rabin ƙarshe na ƙarni na 16 Mai Idris Aloma ya samo bindigogi da masu koyar da harbi Turkawa, kuma limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta yadda suka yi masa amfani a yaƙe-yaƙensa. A ƙasar Hausa kuwa, littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743) an shigo da bindigogi daga Nufe, sannan Babba Zaki (1768–1776) shi ne Sarkin Kano na farko da ya ajiye rundunar 'yan bindiga masu tsaronsa. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kai ga sa maƙeransa suna zuba igwa suna haɗa albarushi a cikin birnin Zinder.

Ka lura da siffar bindigar wancan zamani. Doguwa ce zanƙaleliya, wata idan an tsayar da ita takan kai ƙirjin mutum ko ta wuce. Ita ce muke kira bindigar toka, ko harba-ka-ruga. Turawa sun laƙaba mata sunan mutanen Denmak domin 'yan kasuwarsu sun yi fice wajen sayar da ita a gaɓar teku wajajen Ankara ta ƙasar Gana, ko da yake daga baya yawancinta a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam ake ƙera ta. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a tura harsashi, a danna da sanda, a harba sau ɗaya, sannan a koma ɗuri.

Me ya sa take da tsawo haka? Albarushin da ake kawowa Afirka baƙi ne mai tsakuwa-tsakuwa, ba ya ƙonewa da sauri, saboda haka ana son dogon bututu domin ya samu wurin tura harsashi. Maharba kuma sun yi imani cewa doguwa ta fi kai wa nesa. Amma cikin bututun sumul yake, babu zanen da zai murɗa harsashi ya tafi a miƙe, shi ya sa da abu ya ɗan yi nisa sai dai dace. Mahayin doki kuwa tun a lokacin ya san illar tsawo, domin ɗurin doguwar bindiga a kan sirdi wahala ce, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa barade da yawa suka ci gaba da riƙe mashi da takobi.

Dokar 1890 da ranar Kusuri

Ranar 2 ga Yuli 1890 manyan ƙasashen Turai suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Brussels. A fili an ce don hana cinikin bayi ne, amma a cikinta akwai sharaɗin da ya hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a duk faɗin yankin da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu. Abin da aka bari a sayar shi ne bindigar ƙyastu mai sumul ɗin ciki da albarushin kasuwa. Njamena tana wajen digiri 12 ne, ka ga ke nan cikin yankin muke. Shekara huɗu kafin nan, a 1886, Faransa ta fito da bindigar Lebel, ta farko a rundunonin duniya da ke aiki da albarushi marar hayaƙi.

Rabe ɗan Fadlallah, wanda ya taso daga wajen Khartum ya yi aiki ƙarƙashin Zubairu Rahma, ya fahimci wannan bambanci. Ya raba mayaƙansa tuta-tuta, ya sa musu atisaye irin na sojan Masar. A 1891 abokin ƙawancensa Muhammad Sanusi na Dar Kuti ya hallaka tawagar Bafaranshe Paul Crampel, kuma bindigogin zamani da aka ƙwace sun shiga hannun Rabe. A 1893 ya karya Shehu Hashim, ya ƙone Kukawa, ya zauna a Dikwa. Ba da yawan mutane ya ci Borno ba, da horo ne da tsarin harbi. Matsalarsa ita ce harsashin sababbin bindigogin, domin hanyar samunsa a toshe take.

A Yulin 1899 ya kashe Bretonnet da mutanensa a Togbao. A Oktoba suka yi arangama da Émile Gentil a Kuno. Sannan rundunonin Faransa uku suka haɗu: ta Foureau da Lamy daga Aljeriya, ta Joalland da Meynier da ta biyo ta Zinder, da ta Gentil daga Kongo, ga kuma mutanen Sarkin Bagarmi Gawrang. Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a Kusuri. Sojan Faransa ba su kai na Rabe yawa ba, amma kowannensu yana iya yin harbi da dama kafin mai bindigar toka ya gama ɗuri ɗaya, ga kuma igwa. Rabe ya mutu a ranar, Kwamanda Lamy ma ya mutu. Ranar 29 ga Mayu 1900 Gentil ya kafa sansani a tsallaken kogin Shari ya sa masa sunan Lamy, garin da alhazanmu masu tafiya ta ƙasa suke kira Fallomi, wanda a 1973 Shugaba Tombalbaye ya mayar Njamena.

Mai karatu, ka riƙe wannan kafin mu wuce. A Kusuri tsawon bututu bai ceci kowa ba. Abin da ya raba gardama shi ne zanen cikin bututu, da saurin ɗuri, da wadatar harsashi, da horo. Za ka ga waɗannan abubuwa sun sake dawowa a filin wasa, inda alhamdu lillahi takarda ake harbi.

Ƙaramar bindiga ta shiga wasa

Tun Olamfik na farko na zamani a Atina a 1896 akwai gasar ƙaramar bindiga. 'Yan'uwa biyu daga Amurka, John Paine da Sumner Paine, kowannensu ya ɗauki gasa guda da libarba. A 1907 aka kafa hukumar harbi ta duniya, wadda yau ake kira ISSF. A 1911 kuma rundunar Amurka ta karɓi fistol ɗin da John Browning ya tsara, wadda aka fi sani da 1911, mai bututu inci 5, wato milimita 127. Wannan tsawon ne ya zama abin da aka saba.

Ga yadda irin wannan bindiga take. A samanta akwai wani marufin ƙarfe da ya lulluɓe bututu. Da an danna kunama harsashi ya fita, marufin zai zame baya ya tofar da kwanso, sannan ya dawo gaba da sabon harsashi. A kan marufin nan ne aka dasa abin saiti guda biyu, tsini a gaba da tsaga a baya. Mai harbi yana daidaita tsinin a tsakiyar tsagar ne, ya ɗora a kan abin hari. Idan aka ce bindiga mai dogon kai, ana nufin an ƙara wa marufin da bututun tsawo.

Wanda ya yi suna wajen wannan ƙari shi ne wani maƙerin bindiga na jihar Luwiziyana, Jim Clark, wanda ya ci gasar ƙasa ta Amurka a Camp Perry a 1958. Gasar tasu ta tsayuwa ce wuri ɗaya, da hannu ɗaya, a harbi baƙin da'ira daga yadi 25 da yadi 50. Clark yakan ƙara wa marufin 1911 inci ɗaya da walda, ya sa bututu inci 6. Maharban gasa suka yi ta rububinta. A 1984 fim ɗin Terminator ya nuna wata ƙirar kamfanin AMT mai inci 7, daga nan har waɗanda ba su taɓa zuwa filin harbi ba suka ɗauka doguwa ita ce sarauniya.

Lissafin da ke bayan tsawo

To, mene ne ainihin amfanin? Mutane da yawa suna zaton dogon bututu ne ke sa harsashi ya tafi daidai. Gaskiyar magana, idan ka ɗaure bindigogin biyu a maƙalar ƙarfe yadda ba za su motsa ba, bambancinsu kaɗan ne, kuma ingancin ƙira ya fi tsawo tasiri. Idon mutum ne ke cin ribar tsawon.

Ɗauki misali da kamfanin Glock na Ostiriya. Ƙirarsa ta 17, wadda ta fito a 1982, bututunta milimita 114 ne, kuma tazarar da ke tsakanin tsinin gaba da tsagar baya wajen milimita 165. A 1988 ya fito da 17L mai bututu milimita 153, tazarar saitinta wajen milimita 205. Yanzu ɗauki alƙalami. Idan tsininka ya kauce da milimita ɗaya tak, kana harbi daga mita 25, a gajeriyar harsashi zai kauce da kusan santimita 15, a doguwar kuma da kusan santimita 12. Da'irar maki goma a allon mita 25 faɗinta santimita 5 ne, wato santimita biyu da rabi daga tsakiya zuwa baki. Ke nan idan kana son goma, kuskuren da aka yafe maka a gajeriyar kashi ɗaya cikin shida ne na milimita, a doguwar kuma kashi ɗaya cikin biyar. Kaurin takarda biyu ke nan ko ƙasa da haka. Ka ce ai bambancin bai taka kara ya karya ba. Haka ne a harbi ɗaya, amma a gasar harbi sittin da maki ɗaya ke raba na farko da na huɗu, wannan ɗan abin kuɗi ne.

Amfani na biyu nauyi ne. Ƙarfen da ya ƙaru a gaba yana rage ɗagawar baki idan bindiga ta yi shuri, kuma yana kwantar da ƙananan rawar hannu. Na uku, harsashi yana ɗan ƙara gudu domin ya fi daɗewa a bututu.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Marufi mai nauyi ya fi jinkirin kai da komo, kuma idan ya dawo gaba da ƙarfi yakan sa bakin bindiga ya ɗan duƙa. Shi ya sa Glock ya yanke taga a saman marufin 17L domin nauyinsa ya yi kusa da na gajeriyar. Doguwa ta fi wuyar zarewa daga kube, ta fi wuyar juyawa daga wannan allo zuwa wancan, kuma mai raunin wuyan hannu yakan gaji kafin a gama. Sannan dogon saiti yana nuna maka duk wata rawar hannunka ƙarara, wasu sababbin shiga sai su tsorata su fizgi kunama.

Da kiɗa ya canza

A 1976 aka yi taro a garin Kolumbiya na jihar Misuri aka kafa ƙungiyar IPSC, Jeff Cooper ya zama shugabanta na farko. Gasarta daban take da ta tsayuwa. Mai harbi yana zare bindiga daga kube, ya ruga daga wuri zuwa wuri, ya harbi alluna da yawa, sannan a raba makinsa da daƙiƙoƙin da ya ɓata. Takensu abu uku ne: daidaito, ƙarfi, sauri. A nan rabin daƙiƙa da ka ɓata wajen juya doguwar bindiga yana iya cinye ribar da saitinta ya ba ka.

Daga nan kuma doka ta shigo. A rukunin da IPSC ke kira Standard, dole bindiga ta shiga cikin akwati mai tsawon milimita 225, faɗi 150, kauri 45. Ita 17L ta fi akwatin tsawo. Saboda haka a 1998 Glock ya fito da ƙira ta 34 mai bututu milimita 135, tsaka-tsaki, wadda aka auna ta daidai da akwatin. Amma a rukunin Production, na bindigogin da ba a yi wa gyara ba, IPSC ta tsayar da bututu a milimita 127, ka ga 34 ɗin ma ba ta da shiga. Ita ma ISSF ta yi nata shinge: a gasar mita 25 bututu ba ya wuce milimita 153, tazarar saiti ba ta wuce 220, nauyi ba ya wuce giram 1,400. Da babu riba a tsawo, ai da hukumomi ba su wahalar da kansu wajen ƙayyade shi ba.

Sai kuma wani sabon abu ya zo ya rikita lissafin. A 1990 Doug Koenig ya ci gasar duniya ta IPSC a Adelaide ta Ostireliya da ɗan gilashin saiti mai nuna jan ɗigo. Da wannan gilashi babu batun daidaita tsini da tsaga, ɗigon kawai za ka ɗora a kan allo. Wato babbar hujjar doguwa, tazarar saiti, ta faɗi ke nan. A yau da gilashin ya ƙanƙance ya yi araha, maharban gasar gudu da yawa sun koma kan matsakaicin tsawo, abin da suke dubawa shi ne yadda nauyi ya zauna a hannu.

Amsar tambayar ke nan a taƙaice. A gasar tsayuwa da saitin ƙarfe, doguwa tana da riba, gwargwadon abin da doka ta bari. A gasar gudu ta kusa, wadda aka saba ko matsakaiciya ta fi sauƙin sarrafawa. Da gilashi kuma, bambancin ya kusa ɓacewa. Kuma kafin duk wannan, mai shiga gasa littafin doka yake fara buɗewa, domin bindigar da ba ta shiga akwati ba, ko ta fi kowace kyau, a benci za ta kwana.

Abin da Paris ta nuna

Ka tuna Baturken nan Yusuf Dikeç da hotonsa ya zaga duniya a 2024? Yana da shekara 51, hannu ɗaya a aljihu, tabarau na yau da kullum, shi da abokiyar wasansa Şevval İlayda Tarhan suka ɗauki azurfa a gasar bindigar iska ta mita 10. Kada a ruɗe ka, bindigar da ke hannunsa ta ƙwararru ce. Amma irinta ce a hannun sauran. Abin da ya bambanta shi shi ne wannan ne zuwansa Olamfik na biyar tun 2008. Da'irar goma a wannan gasa faɗinta milimita 11.5 ne, kuma shekaru ne ke koya wa hannu ya tsaya a kanta.

Mu ma muna da namu a can. Chadi tana zuwa Olamfik tun 1964, kuma a wasan saiti da kwari da baka ta fito: Marlyse Hourtou a Tokyo, sai Israel Madaye a Paris. Madaye ya haɗu da Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu, wanda ya tashi da zinare uku a wasannin. Daga mita 70 ake harbi. Madaye ya sha kashi, har wata kibiyarsa ta ci maki ɗaya kacal, amma ya tsaya ya ƙarasa, kuma mutanen Koriya da kansu suka yi ta yaba masa. Tazarar da ke tsakaninsu ta filin atisaye ce da masu koyarwa da shekarun da ƙasa ta zuba a wasan.

Abin da ya shafe mu

Mai karatu, mun san inda muke. Wanda ya ga Njamena a 1979 da 1980, ko ya kwana a ƙarƙashin gado ranakun 2 da 3 ga Fabrairu 2008, ko ya tsallaka gada zuwa Kusuri da yara a hannu, ba ya jin kalmar bindiga ya tuna da wasa. Dubi ma yadda harshenmu ya juya. A zamanin Babba Zaki 'yan bindiga dogaran fada ne, har gobe su ne ke buga toka a hawan Sallah. Yau idan ka ji kalmar a labarai, gabanka ne ke faɗuwa, domin ka san wani ƙauye ne a Zamfara ko Katsina ko Maradi aka shiga.

Saboda haka wannan bayani ba kira ba ne ga kowa ya nemi fistol. A Chadi da Kamaru da Nijar da Najeriya duka, riƙe ta ba tare da izinin hukuma ba laifi ne babba. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun ƙulla yarjejeniyar taƙaita ƙananan makamai a Abuja a 2006, na Afirka ta Tsakiya kuma suka yi tasu ta Kinshasa a 2010. Wasan harbi na gaskiya a cikin fili mai shinge ake yinsa, da rajista, da alƙali wanda zai kore ka daga gasa nan take idan bakin bindigarka ya juya inda bai kamata ba, ko da kai ne zakara.

Ga matashin da ke da ido da natsuwa yana son gwada kansa, ƙofar da ta fi kusa ita ce baka, wadda 'yan ƙasarmu suka riga suka kai Olamfik, sai kuma bindigar iska ta mita 10 da ba ta buƙatar albarushi, ɗaki mai tsawo ya ishe ta. Ga hukumomin wasanni na ƙasashenmu huɗu kuwa, maganar ita ce fili da mai koyarwa da lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Jikokin maharban da suka iya farauta da bindigar toka mai harbi ɗaya ba su rasa ido ba.

A fitowa ta gaba za mu leƙa Zinder mu ga yadda maƙeran Sarki Tanimu suka zuba igwa. Kafin nan, a ci gaba da aiko da tambayoyi. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya sa kada mu ƙara jin ƙarar bindiga sai ranar hawan Sallah. Mu kwana nan.